Ɗan Aike Ba Ya Taɓa Littafin Maigida

Tun shekarar 2021, da aka soma yi wa jama'a allurar rigakafin korona a Nijeriya, wata magana ta bazu a zangunan 'yan Arewa, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, wai allurar Pfizer da ta Moderna suna canza halittar mutum. Har yau ana jinta a bakin masu shayi. Maganar ba ta da tushe, kuma lalle ne masu yaɗa ta su san abin da suke zargi.

Abin da ke cikin allurar ana kiransa RNA, kuma ba baƙo ba ne a jiki. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai DNA, watau kundin gado, wanda ke ajiye a tsakiyar ƙwayar kamar littafin maigida a cikin akwati. Shi zare biyu ne a murɗe. RNA kuwa zare ɗaya ne, mai haruffa huɗu: A, U, G da C. Idan jiki na bukatar wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a kan RNA, ya fita da shi zuwa inda ake ƙira, a karanta haruffan uku-uku. Duk fataken da ya taɓa ba yaro takardar saƙo zuwa Mile 12 ya san wannan tsari. Yaron ba ya gyara littafin. Takardar kuwa ba ta daɗewa, jiki kan narkar da ita da kansa.

Haka allurar take. Saƙo ne na ɗan lokaci, ba ya shiga inda DNA yake. Masana sun gano wannan ɗan aike tun 1961, kuma Katalin Kariko da Drew Weissman, waɗanda aikinsu na 2005 ya share hanyar allurar, sun karɓi kyautar Nobel a 2023.

Ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu. Amma Arewa ta riga ta ɗanɗana kuɗar jita-jita: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, sai a 2020 aka tabbatar an rabu da ainihin ƙwayarta a Afirka. Wanda ke zaune a kudu, in ya je gida da Sallah, maganarsa na da nauyi, don ana ganin ya ga duniya.

Alhali kuwa ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ita ma da RNA take aiki. Ɓeraye ke kawo ta cikin hatsi da garin rogo, kuma ta fi ta'adi a jihohin Ondo da Edo da Bauchi. A asibitin Irrua, wannan RNA ɗin ake nema a jinin majiyyaci kafin a ce ga abin da ke damunsa.