Wasa huɗu, ƙwallo ɗaya, wai a kori koci

Ranar Asabar da la'asar na tsaya a bakin filin wata makarantar sakandare a nan Kudan, ina kallon yaranmu suna karawa da baƙi daga ɓangaren Makarfi. Aka tashi babu ci. Wasa na huɗu ke nan a jere, ƙwallo ɗaya tak suka jefa a raga, ita ma da bugun fenariti. Kafin alƙalin wasa ya sauke usur daga bakinsa, wani matashi da ke kusa da ni ya tofar da totuwar rake ya ce, "Wallahi Malam, kocin nan bai iya ba. A canza shi kawai."

Wanda ake kira koci ɗin malamin motsa jiki ne, kuma shi ke koyar da wani darasin a aji. Na je atisayensu ranar Laraba don in gani da idona. Yara ashirin da wani abu, ƙwallo ɗaya, ita ma an yi mata faci. Babu raga a jikin turakun, saboda haka duk wanda ya buga da ƙarfi sai an tura ƙaramin yaro cikin gonar masara ya nemo ta, sauran su tsaya riƙe da ƙugu. Na ƙirga: cikin awa ɗaya da rabi, mai lamba tara ya auna gola sau uku. Rabin yaran ma daga gona suka taho, ƙafa duk laka. Cin ƙwallo sana'a ce irin ta ƙira, sai an yi ta maimaitawa hannu yake faɗawa. Wanda ya buga sau uku a mako, ta ina zai san inda kusurwar raga take ranar wasa?

Canza koci dai mun ga iyakarsa a sama, wato a ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu. A neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, Jose Peseiro ya yi kunnen doki 1-1 da Lesotho a Uyo, ya sake yin haka da Zimbabwe. Aka kawo Finidi George, ya yi 1-1 da Afirka ta Kudu, Benin ta doke shi 2-1 a watan Yunin 2024, ya ajiye aiki. Eric Chelle ya karɓa a Janairun 2025, shi ma Zimbabwe ta riƙe shi 1-1 a gida, a ƙarshe Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu da fenariti a Rabat. Ƙasarmu ce fa ta ba Afirka gwarzon ɗan wasa shekara biyu a jere, Osimhen a 2023, Lookman a 2024. Hula ake ta sauyawa, ciwon kan na nan.

To amma kada malaminmu ya karanta wannan ya ce na wanke shi. Yana da nasa laifin, kuma tsoro ne. Tsoron a ci shi a gida ya sa ya jibge manyan yara a baya, abin da kawai ake ji daga bakinsa shi ne "Fitar da ita! Buga gaba!" Sai ƙwallo ta tashi sama kamar shirwa, ta wuce kan 'yan tsakiya, ta faɗo wa ɗan gaba shi kaɗai tsakanin ƙarti uku. Akwai wani siririn yaro da na ga yana yanka mutane a atisaye, yana ba da fasin ƙasa-ƙasa, amma ranar wasa yana benci, wai ba shi da jiki. Ahmed Musa ma ai ba ƙato ba ne lokacin da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, yana ɗan saurayi.

Ga abin da nake nema. Tsofaffin ɗaliban makarantar, waɗanda ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako don Arsenal da Barcelona, su haɗa kuɗi su sayo ƙwallo biyar da raga biyu. A ba malamin zango ɗaya na karatu, da sharaɗin siririn yaron nan ya shiga fili. In bayan haka har yanzu ba a ci, ni da kaina zan raka mai shan rake ofishin firinsifal.