Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Babagana Umara Zulum kan gubar dalma

Mai Girma Gwamna,

A Maiduguri, duk wanda ciwon damuwa ya kama, an riga an san amsar da za a bayar: rikicin Boko Haram ne. In matashi ne kuwa, sai a ce tramol. Ba wanda zai musa, domin tun 2009 garin nan yake ganin abin da ke gigita hankali. Sai dai akwai wani mai laifin da ba a cika tuhumarsa ba, wato dalma.

Ranka ya daɗe, ka tsaya gaban mai gyaran batirin mota. Yaron shago zai fasa tsohon batir, ya tuttular da ruwansa a kwata, ya narka dalmar a gwangwani yana shaƙar hayaƙin, sannan ya gutsuri burodi da wannan hannun. Da magariba ya koma gida da ƙurar a rigarsa, ƙanensa na rarrafe ya rungume shi. Ga tozalin da ake rambaɗa wa jarirai, wanda wani nau'insa dutsen dalma ne aka niƙa.

Mun san dalma tana kisa. A Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinare a cikin gida. Abin da ya fi damuna shi ne wadda ba ta kai ga kisa ba. Wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2009 kan manya 'yan shekara 20 zuwa 39 ya gano cewa waɗanda dalma ta fi yawa a jininsu sun ninka masu ƙarancinta fiye da sau biyu wajen kamuwa da tsananin damuwa, wajen ciwon firgita kuwa kusan sau biyar. Alaƙa ce aka gani, ba hukunci ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiya lau.

Sai ga ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024. Ruwa ya ratsa garejoji da bola da shagunan walda, ya kwanta a gidajen Gwange da lambunan bakin kogin Ngadda, inda latas da alayyahonmu ke fitowa. Kai farfesa ne a injiniyancin ƙasa da ruwa, ba sai an gaya maka abin da laka ke riƙewa ba.

Roƙona shi ne a auna ƙasar lambunan nan da ruwan rijiyoyin unguwannin da ambaliya ta shafa, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Gwamnatinka ta haɗa hannu da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a samar da gwajin dalma a jini mai rahusa, a fara da yaran shagunan batir da mata masu ciki.

Allah Ya yi maka jagora.

Wani mazaunin Gwange, Maiduguri