Lambar Da Ba A Ambata: Tsokaci Kan Jack Nicklaus

Duk lokacin da masu sha'awar wasan golf suka shiga gardamar wane ne gwanin gwanaye, lamba guda suke jefa wa juna, wato 18. Wannan shi ne adadin manyan kofunan da Jack Nicklaus, mutumin jihar Ohio ta Amurka, ya ci, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Amma a ganina akwai wata lambar da ta fi wannan nuna ko shi wane ne, ita ce 19.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa a wannan wasa 'yar ƙwallo ake bugawa da sanda har ta faɗa rami, wanda ya gama ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Manyan gasannin maza huɗu ne a shekara: Masters, da PGA, da Buɗaɗɗiyar Gasar Amurka, da kuma ta Birtaniya. Nicklaus ya ci ta farko sau 6, ta biyu sau 5, ta uku sau 4, ta huɗu sau 3. Ya buɗe a 1962 yana ɗan shekara 22, inda ya kada Arnold Palmer a Oakmont, ya kuma rufe da Masters a 1986 yana da shekara 46, bayan jama'a sun ɗauka ƙarfinsa ya ƙare. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To, ina 19 ta shigo? Sau 19 ne ya zo na biyu a waɗannan gasanni. Wato sau 37 ke nan ya ɗauki kofi ko ya tsaya dab da shi. Alal misali, a Turnberry a 1977 ya gama zagaye biyun ƙarshe da bugu 65 da 66, amma Tom Watson ya yi 65 da 65, ya tsere masa da bugu ɗaya tak. Irin wannan kaye kan karya zuciyar ɗan wasa. Shi kuwa shekara na zagayowa sai ya ɗauke kofin nan a St Andrews.

Wasu za su ce ai Tiger Woods ya fi shi, kuma suna da hujja. Woods ya ci Masters ta 1997 da ratar bugu 12, ya ci ta Amurka a 2000 da ratar 15, ya kuma riƙe kofunan nan huɗu a lokaci guda a 2001. Ko shakka babu, idan ƙololuwar gwaninta ake magana, Nicklaus bai taɓa yin haka ba. Sai dai manyan kofunan Woods 15 ne, na biyu kuwa sau 7 ya zo. Ya fi zafi, amma Nicklaus ya fi daɗewa a fage, shekara 24 tsakanin kofin farko da na ƙarshe.

Saboda haka ma'aunin da ke ƙirga nasara kaɗai ma'aunin algus ne, domin yana mayar da wanda ya zo na biyu daidai da wanda bai zo filin ba. Mu da ake koya wa nazarin aikin mawaƙa da marubuta mun san ba a yanke wa mutum hukunci da aikinsa mafi armashi kawai, sai an duba duk abin da ya bari. Idan aka auna Nicklaus a kan haka, shi ne a gaba.