Idan ma'aikacin kula da yara ya tafi, da amanar iyalai yake tafiya

Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido da ƴan Nijar gida, cikinsu har da mata da yara masu bara, da dama ƴan yankin Kance ne a jihar Damagaram. Da an sauke su, sai aiki ya koma hannun ma'aikatan jin daɗin jama'a. Su ne ke nemo dangin yaro, su zauna da mai gari da liman, su ga an maida shi lakwal, sannan su riƙa leƙawa don kada a sake tura shi. Irin wannan nauyi ne ke kansu a Gidan Rumji, inda iyalan da suka gudo wa ƴan bindiga daga Zamfara da Sakkwato suka fara kwararowa a 2019.

Aikin na tafiya ne da yarda. Uwa ba ta faɗa wa baƙo abin da ya sa ta bar ɗanta ya bi hanyar hamada. Sai ma'aikaci ya yi watanni yana zuwa gaisuwa kafin a buɗe masa ciki. Ranar da ya ajiye aiki, dosiye na nan a ofis, amma wanda ya gaje shi daga sallama zai faro.

Me ke korar su? Da yawa suna aiki ne da kwantaragin furoje, wanda ke ƙarewa da ƙarewar kuɗin masu tallafi. Wannan tallafi ya ja baya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya ƙara raguwa da Amurka ta rufe USAID a 2025. Waɗanda gwamnati ta ɗauka kuwa, sau da yawa ƙauyuka sun fi ƙarfinsu, ga ƙarancin moto da esansi. Kullum suna sauraren labarin fyaɗe, duka da auren dole, su koma gida da shi a zuci.

Gyaran ba ya wuce ɗaukar ƙwararru aiki na dindindin, ware musu kuɗin zirga-zirga a kasafin kowace ƙaramar hukuma, da zama a kai a kai da wani babba a aikin, wanda za su sauke wa damuwa, ya kuma duba yawan yaran da ke hannun kowa.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma a alƙaluman UNICEF kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Ƙasa mai irin wannan lissafi na buƙatar ma'aikacin da zai daɗe a gari har iyaye su san sunansa.