Wa Ya Haɗa Gubar?

Masu sharhi da dama sun ɗauki wasan Romiyo da Juliyet na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1597, a matsayin gargaɗi ga matasa masu rawar kai: wanda ya bi son zuciya ya ƙi jin iyaye, ƙarshensa kabari. Wannan fahimta zalunci ce ga mamata, kuma rufa asiri ce ga masu laifi.

Juliyet ba ta cika shekara 14 ba. Gabar gidan Montagu da gidan Kafulet ta girme ta, kuma har wasan ya ƙare babu wanda ya faɗi asalinta. Mahaifinta ne ya yi barazanar korar ta titi idan ta ƙi auren Faris. Ina laifin yarinyar da aka toshe wa kowace ƙofa?

Alamar da ta fi fallasa wannan ita ce guba. Limamin da ya ɗaura auren ya nuna cewa fure guda yana ɗauke da magani da dafi, sai yadda aka sarrafa shi. Soyayyar yaran ita ce furen. Manyan Berona suka tatso dafinta. A Mantuwa kuwa, yunwa ce ta sa mai magani ya karya doka ya sayar wa Romiyo guba, shi kuma ya miƙa masa zinariya yana bayyana ta da cewa ta fi kwalbar kisa.

Ɗalibin Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba ya bukatar malami ya warware masa wannan alama. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Talauci ya kai dutsen tsakar gida, ƙananan yara suka biya da rayukansu.

Masu waccan fahimta za su ce ai yaran sun yi gaggawa. Gaskiya ne, amma gaggawar mai gudun gobara ce, kuma wani ne ya kunna wutar. Dubi ƙarshen wasan: iyayen biyu sun yi alkawarin ƙera gumakan zinariya don tunawa da 'ya'yansu, wato sun rufe kabarin da gubar da aka riga aka ambata. Duk mai karanta wasan yana tuhumar Juliyet, hannu yake sa wa a ƙera waɗannan gumaka.