Kafin ka ɗauki bindigar fenti, duba tukunyar

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan kudu, ku yi haƙuri, yau sai na faɗa. Ranar Asabar mun je wasan harbin fenti, kowa sai hoto yake da bindiga, amma ba wanda ya kalli tukunyar iskar da ke jikinta. Na tambayi mai wurin yaushe rabon da a gwada ta, sai ya yi dariya, wai ba ta taɓa ba su matsala ba. Haba jama'a!

Tayar mota iskarta kamar psi 32 ce. Wannan tukunyar 3,000 take ɗauka, wata ma 4,500, kuma dab da fuskarka take. Ƙa'ida, yawanci duk shekara 5 ake gwada ta da matsin ruwa, a sa kwanan wata a jikinta. Mai ko giris a bakin da ake cika ta kan iya sa ta fashe.

Kuɗinmu muka biya, tambaya haƙƙinmu ce. In ba kwanan wata, ko ta lotsa, kar ka karɓa. Mai cewa tsoro ne ya ce. Karatu iyayenmu suka turo mu.