Tarihi Mai Rai: Yadda Za a Nuna wa 'Yan Matan Gwaram Likita Mace

A wasu gidajen tarihi na Amurka akwai wata hanyar koyarwa da ake kira tarihi mai rai. Mace za ta sa tufafin ƙarni na 19, ta riƙe jakar magani, ta tsaya gaban yara tana magana da bakin wata likita da ta daɗe da rasuwa, su kuma suna yi mata tambayoyi. Irin rayuwar da ta dace da wannan ita ce ta Susan La Flesche Picotte, 'yar ƙabilar Omaha, wadda ta kammala karatun likita a 1889, ta riƙa bin marasa lafiya gida gida a karkarar Nebraska. Makarantun 'yan mata na Birnin Kudu da Gwaram suna da bukatar wannan dabara ƙwarai.

Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya, amma har yanzu a ƙauyuka akwai magidancin da kan yi jinkirin kai matarsa asibiti idan ya san namiji ne zai duba ta. Irin wannan jinkiri ne ke mai da doguwar naƙuda yoyon fitsari, cutar da ƙungiyar MSF ke yaƙi da ita a asibitin Jahun tun 2008. Babban maganinsa shi ne likitoci mata 'yan ƙasa. Da wuya kuwa yarinya ta yi burin zama abin da ba ta taɓa gani ba.

Labaran da za a nuna mata suna nan. Agnes Yewande Savage ta gama karatu a Edinbara a 1929, ta zama mace ta farko daga Afirka ta Yamma da ta samu digirin likita. Elizabeth Abimbola Awoliyi ta gama a Dublin a 1938, ita ce mace ta farko da ta yi aikin likita a Nijeriya. A Kano, Farfesa Hadiza Galadanci na cikin jagororin binciken da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa, tare da ba ta magunguna a lokaci guda, na rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Salon ma ba baƙo ba ne. Yaran Hausawa sun saba kwaikwayon manya a tashe, kuma jajis ɗin Nana Asma'u da baki suka kai ilimi ga matan karkara. Sharaɗin kawai shi ne gaskiya. Kada mai kwaikwayo ta ƙara wa labari gishiri. A fara da naɗar muryoyin tsofaffin ma'aikatan jinya da ungozomomin yankin tun suna raye, malaman tarihi su tantance, sannan a hau dandali.

Wani zai ce asibitin da ke kukan ƙarancin ma'aikata ba wasa yake bukata ba. Sai dai ma'aikatan daga aji suke fitowa, kuma karatun likita shekara 6 ne, wanda uba ne ke yarda ko ya hana. Saboda haka ranar da za a yi wasan, a gayyaci iyaye maza da hakimai da limamai, a ba su sahun gaba.